Injin ninki a shagonmu: abin da nake rubutawa tun ranar da aka sauke shi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Motar ta iso Fagge da hantsi, bayan kwana uku a hanya daga Legas. Injin ninke takarda ne, Stahl T52, ɗan Jamus, na hannu, mai aljihu huɗu da wuƙa guda a gefe. A shago kowa foldin yake ce masa. Lambar 52 ɗin nan faɗin takardar da yake iya haɗiya ce, santimita 52. Kamfanin da ya ƙera shi, wato Stahl, kamfanin injinan ɗab'i na Heidelberg ya saye shi tun ƙarshen shekarun 1990, wannan kuwa ya riga cinikin zuwa duniya, wato ya girmi Auta, yaron shagonmu, nesa ba kusa ba.

Tun zamanin mahaifina abin da muke da shi injinan bugu biyu ne, GTO 46 da Kord 64, da injin yanka na Polar. Ninki kuwa da hannu muke yi. Ƙaramin aiki yara su zauna a tabarma su ninke, babba a ɗaure a kai cikin gari wajen Inna da matan da ke aiki tare da ita. Bara muka bugo takardun talla 40,000 cikin kwana biyu, ninkinsu ya ci mana kwana tara. Mai aikin bai yi faɗa ba, bai dai sake dawowa ba. Tun ranar nake tara kuɗin wannan ƙarfe, dala kuma tana gudu ina bin ta, har ta haura naira 1,600 kafin in kama ta.

Ba mu da motar ɗaga kaya. 'Yan dako takwas muka samu, aka shimfiɗa bututun ƙarfe uku a ƙasa, ana turawa ana ɗauko na baya ana mayarwa gaba, har muka shigar da shi kafin la'asar. Sai da aka cire ƙyauren shago ɗaya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Injiniya ya sauka jiya da dare. A Shomolu yake aiki, unguwar masu ɗab'i a Legas, amma tashin Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba sai da ya ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a jikin injin. Daɓenmu ya gangara wajen ƙofa, aka yi ta cusa faifan ƙarfe ƙarƙashin ƙafafu har ɗigon ya tsaya tsakiya.

Wuta mai layi uku yake ci. Da aka haɗa aka kunna, sai rololi suka juya da baya, famfon iska kuma yana hurawa inda ya kamata ya zuƙa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an sayar mini da gawa. Injiniya ya kashe, ya sauya wayoyi biyu cikin ukun, ya sake kunnawa, komai ya bi hanya. Ya ce in sa a duba janareta ma, don in jerin layinsa ya saɓa da na wutar gari, duk sanda aka ɗauke wuta muka koma kansa haka za mu gani. Bayan duhun da Arewa ta sha a ƙarshen Oktoba, na san janaretan ne zai fi jan injin nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kwana biyu muna wanki. Rololin ƙarfe ne da zoben roba a jere, robar ta yi santsi tana ƙyalli saboda tsohuwar tawada da hodar feshi da suka daskare a kai. Auta ya ɗauko fetur, Injiniya ya riƙe hannunsa. Ya ce fetur na busar da robar ta tsattsage, ruwan wanke rola na injin bugu za a sa, da tsumma, injin kuma a kashe, ana juya shi da hannu. Mun canja boris biyu da bel uku, mun kakkaɓe matatar famfo, ƙurar Turai ta fita ta ba ta Kano wuri.

Da yamma ya cire aljihu ɗaya ya nuna mini cikinsa. Faranti biyu ne na ƙarfe da ɗan rata a tsakani, sai wata sanda a kwance da ake matsarwa sama ko ƙasa, ita ce matsaya. Rololi su turo takarda cikin aljihu, kanta ya daki matsayar ya tsaya, amma bayanta ana ci gaba da turo shi. Ba ta da inda za ta, sai ta lanƙwashe a bakin aljihun, rololi biyu na ƙasa su cafke lanƙwasar su matse. Ninki ya samu ke nan. Ya ce, "Oga, injin nan ba ya ninke takarda. Matsa mata yake har ta ninke kanta." Aljihu na ɗaya da na uku suna sama, na biyu da na huɗu suna ƙasa. Wanda ba a bukata a toshe bakinsa, takarda ta wuce abinta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Aikin farko: takardar sanarwar wata makaranta, A4, ninki uku irin na wasiƙa, guda 5,000, farar takarda mai giram 80.

Kuskure biyu na yi, duk nawa ne. Na farko a kwamfuta. Tsawon A4 milimita 297 ne, na raba uku daidai, 99 kowanne. Ashe ɓangaren da ke shiga ciki dole ya gaza sauran, in ba haka ba bakinsa ya tokari ninkin ya tattare. Yadda ake yi 100 da 100 da 97. Allah ya taimaka rubutun yana da fili a gefe, muka sa aljihun farko a 200, na biyu a 100, ya tafi ba a sake bugu ba.

Na biyu a rololi. Kowace rola tana da ɗan maƙali a gefe biyu inda ake saƙala yankin takardar da za a ninke, kaurin yankin ne ke buɗe ratar rolar. Na sa falle ɗaya a ta farko, na sa biyu a ta biyu, a lissafina ai takarda ta riga ta ninku. Sai ta riƙa fitowa a karkace, wata ma ta tsaya cak. Injiniya ya ce in dubi takardar bayan ninkin farko: gabanta riɓi biyu ne, amma wutsiyarta falle ɗaya ce. In an buɗe rata ta biyu, wutsiyar ba ta da mai riƙe ta. Ana auna rola ne da wuri mafi siranta da zai ratsa ta. Na zare falle ɗaya daga kowane gefe, aka zauna lafiya.

Da ya kankama, dubu biyar ɗin ba su kai minti arba'in ba. Yaran da suka saba kwana a kan irin wannan aiki suka tsaya suna kallo kamar an yi musu sata.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Tun Litinin muke fama da karkata. Takarda ta fito, kusurwa ɗaya ta hau daidai, ɗayar ta leƙo da kusan milimita biyu. Matsayar aljihu tana da ɗan maɓallin murɗawa da ke karkatar da ita kaɗan, na murɗa, ɗari biyu suka fito daidai, sai karkatar ta dawo ta ɗaya gefen. Na sake murɗawa. Na canja ƙwallayen da ke danne takarda a layin jagora, na cire na ƙarfe na sa na roba, na mayar. Na rage gudu. Rim guda da rabi ya tafi kwandon shara.

Injiniya ya riga ya koma Legas, sai na kira shi da bidiyo. Ya ce in daina taɓa injin. In ɗauko falle biyu daga tulin da ban ninke ba, in kifa ɗaya a kan ɗaya fuska da fuska, in buga gindinsu a tebur. Na yi. Ta ƙasa bakinsu ya haɗu, ta sama ɗaya ya zarce ɗaya har ina iya sa farce. Ya yi dariya ya ce, "Ka ga ɓarawonka. Takardarka ba ta da kusurwa. Je ka gaida mai yanka."

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai yankanmu Baba ne, ya yi aiki da mahaifina tun ina zuwa shago da allo a hannu, shi ya koya mini ƙirga rim da babban yatsa. Yaya zan ce masa yankansa a karkace yake? Na jira yara suka fita sallar azahar, na kai masa fallayen biyu a kife yadda suke, na ce, "Baba, don Allah duba mini wannan, na rasa gane kansa."

Ya ɗaga su wajen haske. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina yanka a nan, wa ya taɓa dawo da aiki?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ajiye, ya zagaya bayan injin yankan, ya kama madogarar da ake tura takarda ta jingina da ita, ya girgiza. Ta motsa. Kaɗan ne, amma ta motsa. Noti ɗaya ya saki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. In ya tura tuli da ƙarfi ta gefen dama sai ta ja baya, in a hankali ya tura sai ta tsaya. Shi ya sa karkatar take yawo, ni kuma ina bin ta da murɗa. Da kansa ya ɗauko alanki da sukwaya, bai bar kowa ya taya shi ba. Da la'asar ya yanka falle goma, ya kifa biyu, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Bakinsu ɗaya kamar an lasa.

Na mayar da matsayar aljihu tsakiya inda na same ta.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Tambayar Baba ta hana ni barci. In yankan ya daɗe a karkace, me ya sa ba a taɓa dawo mana da aiki ba?

Na shiga cikin gari wajen Inna, da ma ina da bashin gaisuwa, kuma na san labarin injin ya riga ni isa. Na tarar tana ninke wasu takardun walimar wani shagon. Na zauna a bakin tabarma ina kallon hannunta. Ba ta haɗa bakin takarda da baki ko sau ɗaya. Takan ɗaga fallen wajen hasken tsakar gida, ta hango lambar shafin baya ta cikin takardar, ta ɗora ta a kan ta gaba, sannan ta kwantar ta goge da gindin cokali. Rubutu take bi. In bakin ya leƙo, ya leƙo, ai za a datse shi a yankan ƙarshe.

Na ce, "Inna, da ma kin san takardunmu a karkace suke zuwa?"

Ta ce, "Ɗan nan, tun na babanka. Na Kord ɗinku ma in an juya baya, rubutun kan ja gefe guda. Mu muke daidaita muku."

Shekara da shekaru matan nan suna rufa mana asiri, muna biyan su kuɗin ninki kawai. Injin ba shi da ido, bakin takarda biyu ya sani, na gaba da na gefe, abin da aka ba shi shi zai ninke, sau dubu takwas a awa.

Maganar Kord ɗin ma gaskiya ce. Na tambayi mai bugu, ashe in ya juya takarda zai buga baya, ba kullum yake mayar da jagorar gefe ɗaya ɓangaren ba, sai gaba ya jingina da baki ɗaya, baya ya jingina da wani. Daga yau doka: bakin da injin bugu ya kama da bakin da ya jingina, a ja musu jan layi a gefen tuli kafin su bar wajensa. Baba ba zai taɓa waɗannan biyun ba sai dole, kuma su ne za su shiga injin ninki a gaba da gefe.

Inna ba ta tambaye ni makomar aikinsu ba. Ni ma ban iya tayar da maganar ba.

Talata, 10 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, injin ya haukace. Takarda tana manne wa 'yar'uwarta, bakin zuƙa ya ɗauki biyu, na'urar gane falle biyu ta tsayar da aiki. Waɗanda suka wuce su maƙale cikin aljihu, waɗanda suka fito su ƙi kwanciya a tebur, suna tashi kamar masu rai. Auta ya kai hannu jikin ƙarfe, ta ɗan ja shi, ya yi tsalle yana salati.

Wutar gogayya ce, irin wadda ke ƙyasƙyas a bargo da dare. Takarda ta fi son iska mai laima wajen kashi 50 cikin ɗari, iskar Kano kuwa a wannan wata leɓe ma fasa shi take. Abin da muka yi: mai wuta ya kafa sandar tagulla a bayan shago da gishiri da gawayi, ya jawo waya zuwa jikin injin, don ashe tun farko ba a haɗa shi da ƙasa ba. Muna yayyafa ruwa a daɓe safe da rana, mun rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga, ƙofar da ke kallon gabas a rufe. Takarda kuma ba a kwance ledarta sai za a buga, bayan bugu a lulluɓe. Auta yana karkaɗa kowane damƙi iska ta shiga kafin ya ɗora. Na ƙara iskar da ke hura gefen tuli, na rage gudu.

Bai warke duka ba. Da sassafe ya fi biyayya, don haka babban aiki yanzu daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe goma sha ɗaya.

Asabar, 21 ga Disamba

Rola ta kama hannun rigar Auta yana ƙoƙarin zaro takardar da ta maƙale injin na tafiya. Mai bugu ne ya daki jan maɓalli. Riga ta tafi, hannu ya tsira. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, daga baya na zauna jikina yana rawa. Ba mai tsayawa a injin nan da dogon hannun riga ko carbi a wuya, kuma murfin da muka cire don sauƙin wanki ya koma wurinsa yau.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Littafi na farko: ƙaramin littafin addu'o'i, A5, shafi 64, kwafi 3,000. A nan na gane abin da ban tambaya ba ranar ciniki.

Mun saba buga shafi 16 a babban falle na A2 a Kord, mata su ninka sau uku, kowane ninki yana gicciye na baya. Injina aljihunsa huɗu duk hanya ɗaya suke ninkawa, wuƙar gicciye kuwa ɗaya ce tak. Na gwada ninki biyu a aljihu da ɗaya a wuƙa. Shafi 16 sun fito, amma ƙashin bayan littafin ya faɗo a gajeren gefe, kamar littafin rasit. A5 na tsaye ba ya fitowa sai daga A3: ninki ɗaya a aljihu, ɗaya a wuƙa, shafi takwas. Kowane falle da aka ninke damƙi ɗaya ne, wato littafin zai zama damƙi takwas maimakon huɗu, aikin haɗawa ya ninka. Da na sani da na nemi mai wuƙa biyu, ko da yake kuɗina ma ba su kai can ba.

Filet huɗu, wato farantan da ake ɗaura wa injin bugu, da aka riga aka ƙona a tsohon tsari sun tashi a banza. Yanzu kafin yaron kwamfuta ya jera shafuka, sai an ninke farar takarda a injin, a rubuta lambobi da biro a kowane shafi, a warware a ajiye masa a gabansa.

Wuƙar kanta ba yanka take ba, dakusasshiya ce. Takarda ta zo ta tsaya ƙarƙashinta, ta sauko ta cusa tsakiyarta tsakanin rololi biyu. Da farko tana saɓa layi kaɗan, kuma inda ninki biyu suka haɗu yana tattarewa. Muka ɗaura ɗan faifan shata layi a sandar da ke bayan aljihu, yana danna hanya daidai inda wuƙar za ta sauka. Ta daina ɓata.

Haɗa damƙi takwas ɗin nan, sau dubu uku, aikin hannu ne. Na sa aka kai wa Inna.

Asabar, 18 ga Janairu

Katin ɗaurin aure, giram 250, mai sheƙi, bayansa shuɗi mai duhu. Ninki ɗaya ne kawai, amma duk inda ya ninku sai farin layi ya fito, fatar katin ta fashe. Baba ya ɗauki ɗaya ya tanƙwara ta tsawo, ya tanƙwara ta faɗi, ya ce, "Kun ninke shi a kan gaɓa." Takarda tana da hanya kamar itace, zarenta yana kwance ta fuska ɗaya. Ta wannan fuskar takan lanƙwasu da sauƙi ta yage a miƙe, ta ɗayar kuwa tana turjiya. Mun yanka katin yadda zai fi yawa a falle, ba mu dubi hanyarsa ba, ga bushewar hunturu a kai.

Ɗari shida ne. Muka shata musu layi ɗaya bayan ɗaya, yara suka ninke da hannu. Kati mai wannan kauri ba zai sake shiga aljihu ba, kuma duk mai sheƙin da ya haura giram 150 sai an shata shi tukuna.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wata uku gobe. Injin yana yin dubu takwas zuwa tara a awa a kan A4 ba tare da na tsaya a kansa ba. Auta ya iya saita ninkin wasiƙa da na zigizag shi kaɗai, yana rubuta awon kowane aiki a wani littafi da ya rataya a jikin injin da zare. Ɓarnar saiti ta sauko daga rim zuwa falle ashirin ko talatin.

Abin da ya rage: robar rola ta uku ta cinye ta gefe ɗaya, Injiniya yana nema mana a Legas. Famfon iska yana zafi bayan awa uku. Ƙarar kuma ta sa mai shagon ɗinki na kusa ya fara gaishe ni a taƙaice.

Azumi ya rage ƙasa da wata, jadawalin sahur da buɗa baki sun fara shigowa, yau kaɗai an kawo uku. Duk abin da bai kai 500 ba, da kati, da haɗa damƙi, cikin gari za su. Na lissafa abin da na biya su Inna a Janairu, bai kai rabin na Janairun bara ba. Da na aika Auta da kuɗin, ta ba shi saƙo: damƙi na biyar na littafin addu'o'in nan, shafi na 37 ya ɗan hau sama, a gaya wa mai bugu. Na ciro kwafi na ɗaga wajen haske. Ya hau, da kamar milimita ɗaya.

Baba ya karɓi jan alƙalamin daga hannun mai bugu, ya ce layinsa ba ya fita sosai. Shi yake ja yanzu.